Oba-obar da Ta Kurumce a Hanyar Zurmi

Ni Safiya tuwo nake sayarwa a tashar motar Kaura Namoda, kuma duk wanda ya ce maka mai tuwo ba ta san abin da ke gudana a tasha ba, bai taɓa ganin yadda bakin direba ke sakuwa a gaban miyar kuka ba. A rumfata na fara jin an haɗa sunan ƙanena Armiya'u da kalmar infoma. Ba da ƙarfi aka faɗa ba. Wani ne ya ce da na kusa da shi, yana nuni da motar Armiya'u, "Mai jar Gwalf ɗin ga," sai ya ɗaga ido ya gan ni, ya mayar da hankalinsa kan ƙashin da yake tsotsa.

A ƙasarmu idan aka ce mutum infoma ne, ana nufin shi ke tsegunta wa 'yan bindigar daji motsin jama'a. Ba a cika wahalar da alƙali a kan irinsa ba. Shi ya sa da na ji, ludayin da ke hannuna ya faɗa cikin tukunya.

Ga yadda abin ya faro. Tun da hanya ta lalace direbobinmu suka daina fita ɗai-ɗai, sai dai ayari. Mota guda ta wuce gaba da ɗan nisa tana duba hanya, sauran su biyo a jere. Da yake sabis ɗin waya yana ɗaukewa da zarar an bar gari, ƙungiya ta sayi oba-oba, ɗaya a hannun mai duba hanya, ɗaya a hannun wanda ke jan sauran motocin. In na gaba ya ga abin da bai kwanta masa ba, ya yi magana, kowa ya juya.

Ranar da abin ya faru, Zurmi za su. Khalil ne a gaba, wani dogon direba mai muryar da ba ta buƙatar lasifika. Armiya'u ke jan ayari, a bayansa kuma amininsa Sirajo, wanda tun suna kwandasta kwano ɗaya suke ci a wurina. Kafin su kai Birnin Tsaba, Khalil ya hango babura suna kutsowa ta cikin dawa. Ya ce ya yi ta kira har maƙogwaronsa ya dushe. Armiya'u bai tsaya ba, bai ma rage gudu ba. Ya wuce sumul kafin mutanen su fito kan kwalta, suka fito daidai kan motar Sirajo. Na baya suka samu suka juya. Sirajo da fasinjojinsa aka kora su daji.

Armiya'u ya rantse da Allah bai ji komai ba sai "shhh", kamar ana zuba gero a buhu.

Sarkin tasha, Alhaji Amadu, dattijo ne da ba ya son garaje. Washegari ya ce a gwada oba-obar. Jar Gwalf tana tsaye a inuwar dogon yaro, Armiya'u ya shiga ya zauna da oba-obar a hannu, makullin ma yana aljihunsa. Khalil ya je bakin ƙofar tasha ya yi magana. Muryarsa ta fito tar, har mu da ke rumfa muka ji. Aka maimaita, haka. Sai na ga yadda mutane suka ja da baya daga jikin motar.

Daga nan tone-tone ya tashi. Wani ya tuna a hanyar Shinkafi an taɓa kiran Armiya'u a gaya masa taya ta fashe, bai amsa ba. Wani ya tuna wata rana ma haka aka yi. In oba-obar tana motar kowa lafiya lau take, sai in ta shiga tasa take kurumcewa, kuma sai a daji. Ruwa ba ya tsami banza, in ji su. Me ya sa motarsa kaɗai ta wuce ko ƙwarzane babu? Khalil ne ya fi kowa zafi, kuma ban ga laifinsa ba, shi ya ga baburan da idonsa.

Zan faɗi gaskiya, ni ma zuciyata ta soma rawa. An ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya, to na kwashi nawa rabon a makon nan. Yaron da na goya, na san dariyarsa na san ƙaryarsa, sai ga shi ina leƙen takalminsa ko sabo ne. Na tuna cewa shi mayen labarai ne, da can ba ka shiga motarsa ba ka tarar da rediyo yana magana ba, amma tun kafin azumi ya daina, sai wa'azin da ke cikin memori. Mutumin da ya daina son jin labari, na ce a raina, ko dai ya riga kowa saninsa ne? Sannan na lura yana yawan zagayawa bayan rumfata shi kaɗai, ya zaro wani abu daga aljihu ya duba ya mayar. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ran nan na bi shi da wayo kamar zan zubar da ruwan wanke-wanke. Waya ce a hannunsa, baƙa, ba tasa ba.

"Armiya'u, wagga wayar wa ta?"

Ya zabura. "Yaya, kin ban tsoro."

"Tsoro na gaba. Na ce ta wa ta?"

Ya ce, "Ta Sirajo ta. Da za mu tashi yab ba ni in sa mishi caji, batirinshi ya mutu. Cikin motata tat tahi."

Na san cajar da yake nufi. Wata ƙatuwa ce mai bakuna rututu kamar nonon karya, ya sayo ta a wurin wani mai baro a kasuwa, ana cusa ta a ramin kunna sigari. Saboda ita fasinjoji ke rububin motarsa, don kowa yana son ya isa inda ke da sabis da sauran batir, ya kira gida ya ce ya sauka lafiya. Ko sisi ba ya karɓa. Har direbobi kan miƙo tasu ta taga kafin a tashi.

"To mi ya hana ka kai ma iyalinshi?"

"Yaya, Sirajo bai riƙe lambar kowa ga kai ba sai tashi. In mutanen daji sunka ce shi ba da lambar da za su kira, wagga za shi badawa. Gidansu babu wuta, in ta mutu shi ke nan. Kuma in na hito da ita yanzu, mi kika ga mutane za su ce?"

Na san abin da za su ce, domin ni ma shi na ce a raina kafin ya rufe baki. Na tsaya ina dubansa, rabina na son in rungume shi, rabina na cewa labarin ya cika tsaruwa. Na ji kunyar kaina, na kuma ji haushinsa da ya jefa ni cikin wannan hali.

Da yammacin Laraba Alhaji Amadu ya zo rumfata da kansa, abin da bai saba ba. Bai ci komai ba. Ya ce 'yan sa-kai sun aiko, suna son a miƙa musu Armiya'u su yi masa tambayoyi, shi kuma ya roƙi arziki a bari sai an sauko Juma'a. "Safiya, iyakar abin da ni iya ke nan," ya ce. Ni da shi mun san irin tambayoyin, mun kuma san ba kowa ke dawowa da amsa ba.

A benci na ƙarshe akwai wata mata da ke cin tuwonta, ta ji komai. Malama Fauziyya ake ce mata, tana koyar da aikin lantarki a babbar makarantar garinmu, bara ta dawo daga Legas. Takan zo cin abinci da wata baƙar jaka da ba ta yarda ta ajiye ta ƙasa. Ni tun can ban saki jiki da ita ba. Mace ita kaɗai a tasha, ga tabarau, ga yawan tambaya, a wannan zamani da ko inuwarka sai ka waiwaya ka duba.

Da Alhaji ya tafi, ta wanke hannu ta ce, "Inna, ranar da anka gwada oba-obar nan, motar tana kunne?"

"Wa zai ƙona mai a tsaye da tsadar ga? Ke kau mi ya dame ki da zancen?"

Ba ta ji haushi ba. "Shi mai kiran, ina yat tsaya?"

"Bakin ƙofa."

"Rediyon motar fa, yana kamawa?"

Wannan zancen rediyo a cikina kaɗai yake, ban faɗa wa kowa ba. Na ƙura mata ido na ce, "Wa yag gaya miki?"

"Ba wanda ya gaya min. Tambaya ni kai."

Na ce mata ya daina kunna shi tun kafin azumi. Ta tambaya ko akwai wani sabon abu da ya saka wa motar a wannan lokacin, fitila ko caja. Da na ambaci mai nonon karya, sai ta gyaɗa kai a hankali.

Ta ce min a Legas aikinta shi ne gwada kayan wuta kafin a sake su kasuwa. Wai duk abin da ke aiki da lantarki yana fitar da wata hayaniya da kunnen mutum ba ya ji, amma rediyo yana ji. Suna da wani ɗaki mai bangon ƙarfe, su kulle kaya a ciki su kunna, su auna. In hayaniyarsa ta wuce ƙa'ida har za ta hana wasu na'urori aiki, ba a buga masa hatimin izini. Su kuma duba ko zai yi zafi ya kama da wuta, ko zai ja mai riƙe da shi. Ta ce ba ta yi min alkawarin komai ba, amma gwajin da aka yi ba gwaji ba ne.

Na kwana ina juya maganar. Wa ya turo ta? In 'yan sa-kai ne suka aiko ta ta ƙara ɗaure shi fa? In kuma mutanen daji ne suke son wanke nasu? Da gari ya waye na ga ba ni da wata igiyar kamawa sai wannan, na je na durƙusa gaban Alhaji Amadu.

Aka sa gwajin da hantsin Juma'a. Tasha ta cika, har masu lodin buhu sun ajiye aiki. 'Yan sa-kai biyu suna zaune kan baburansu a gefe, ba su gaisa da kowa ba. Da Malama Fauziyya ta buɗe jakarta ta fito da wata 'yar na'ura kamar waya mai doguwar eriya, sai gunaguni ya tashi.

Khalil ya ce, "Ranka shi daɗe, wanga abu hwa? Wa yas san ko da shi za ta toshe maganar ta ce caja ta?"

"Gaskiyarka," in ji ta. Ta kashe na'urar, ta ciro batirinta, ta miƙa wa Alhaji duka biyun. "Ku riƙe. Ba ni taɓa komi, ba ni ko shiga motar. Alhaji shi zai riƙe oba-oba, shi zai cusa caja, shi zai zare. Abu biyu kaɗai ni ka roƙo. A tada motar a jona wayoyi kamar ranar, kuma mai kira shi tahi nesa, irin nisan da ad tsakaninku ga hanya."

"Mi ya sa sai nesa?"

"Ko gidan biki kana jin wanda ag gefenka. Na nesa shi ganga ka haɗiyewa."

Wani ya yi zancen mai, na ce a zuba ni zan biya. Aka ɗora Khalil a babur da ɗaya daga cikin 'yan sa-kai, aka ce su bi hanyar Zurmi har su wuce gidajen ƙarshe. Kafin su tashi Khalil ya tambaya me zai riƙa faɗa. Alhaji ya ce, "Hwaɗi abin da kah hwaɗi rannan, kada ka tsaya sai an aiko."

Armiya'u yana tsaye jikin dogon yaro, ya rame, leɓensa ya bushe. Tun safe yake ce min shi dai fatansa a gano oba-obar ce ta lalace, ko wurin ne ba ya kamawa.

Alhaji ya zauna a kujerar direba, ƙofa a buɗe. Can sai oba-obar ta yi ƙara, Khalil ya yi sallama, muryarsa ƙasa-ƙasa amma ana ji. Aka tada mota, har yanzu ana jin sa yana tambaya ko ya fara. Mutane suka miƙo wayoyi aka jona wa kowane baki tasa. Alhaji ya yi bisimilla ya cusa cajar a raminta.

Muryar ta ɓace. Babu abin da ya rage sai "shhh".

Alhaji ya jijjiga oba-obar, ya ɗaga ta sama, ya kara a kunne. Gero dai ake ta zubawa a buhu. Ya dubi Malama, tana can nesa ta harɗe hannu. Ya dubi jama'a. Sannan ya sa hannu ya zare cajar.

"...miya'u tsaya! Armiya'u juya, ga su nan cikin dawa! Kada ku taho! Armiya'u, kana ji na? Don Allah ku juya!"

Khalil ba karantawa yake ba, ya koma ranar ne gaba ɗaya, muryarsa har tana tsagewa. Alhaji ya sake cusa cajar, ihun ya yanke. Ya zare, ya dawo. Ɗan sa-kan da ya rage ya sauko daga babur ya ce a ba shi ya gwada da hannunsa. Ya gwada, ya sake gwadawa, sannan ya ajiye cajar a kan bonet kamar mai ajiye kunama.

Malama Fauziyya ta nemi sukundireba ta buɗe cikinta a gaban kowa. Ta nuna wa Alhaji wasu gurabe a jikin ɗan allon da ke ciki, an zana wurinsu amma babu komai, an haɗe da guntun waya. Ta ce nan ya kamata a sa abubuwan da ke tace hayaniyar, an cire don a rage tsada. Ko fiyus babu, wata rana da wuta za ta tashi. Ta juya bayan murfin, ga hatimi nan reras har kala uku.

"Wanga bugawa kawai anka yi," ta ce. "Ba ta taɓa shiga ɗakin gwaji ba."

Ka san halin mutanenmu. Nan take waɗanda suka ja baya daga motar suka matso, kowa na cewa shi dama bai yarda ba. Wanda ya fara ambatar jar Gwalf a rumfata har da cewa Armiya'u ɗan gidan mutunci ne. Na ga wasu direbobi sun sulale zuwa motocinsu suna leƙa ramin sigari. A bayana kuma na ji wani yana raɗa cewa a dai bincika ita malamar, wa ya san wanda ya biya ta. 'Yan sa-kai suka karɓi cajar suka tafi da ita, ba tare da ƙanena ba. Ni kam na zube a wurin na yi ta hamdala, ina kuka ina dariya, ban damu da wanda ke kallo ba.

Sai da na share ido na nemi Armiya'u. Ya zame ya zauna a gindin dogon yaro. Khalil ya dawo, ya durƙusa a gabansa yana neman gafara, shi kuwa kamar ba ya ganinsa.

"Haka kac ce?" ya tambaye shi. "Rannan, haka kac ce?"

Khalil ya gyaɗa kai.

"Har kac ce don Allah."

Na matsa na dafa kafaɗarsa. "Tashi, Allah ya wanke ka. Kowa ya gani ba kai na ba."

"Yaya, motata ta. Hannuna yaj jona ta. Sirajo shina bayana don ya san in da wani abu ni zan ji."

Malama Fauziyya ta ce masa laifin yana kan wanda ya buga hatimi a kan abin da bai gwada ba, da wanda ya shigo da shi, ba kan direban da ya taimaki fasinja ba. Ya saurare ta da ladabi har ta gama. Ban ga alamar maganar ta shiga ba.

Sai ya sa hannu a aljihu, a gaban Alhaji da Khalil da kowa, ya zaro baƙar wayar nan. Da an gan ta jiya, da ita za a rataye shi. Yau babu wanda ya zarge shi, don ya faɗi ta wa ce, kuma duk sun san inda ake sa caji in za a tashi. Ya danna ta, layin batir ya yi ja. Duk kwanakin nan da waccan cajar yake rayar da ita, yana zagayawa da mota bayan gari shi kaɗai.

"Malama," ya ce, "to yanzu da mi zan sa ma wayar Sirajo caji?"

Aka fara kiran sallar Juma'a, mutane suka soma watsewa. Armiya'u ya tashi ya bar motar a buɗe, makulli a jiki, ya nufi rumfar mai cajin waya da ke bakin ƙofar tasha. Ya jona ta, ya zauna a ƙasa kusa da ita.

Yanzu kullum can nake aika masa da tuwo. Jar Gwalf tana nan inda ya bar ta, ganyen dogon yaro ya rufe gilashin. Alhaji ya yi magana, ni ma na yi har na gaji. Ya ce zai koma hanya, amma sai wayar ta yi ƙara tukuna.